Lambar Wayar Abdulnasir Mai Shago

Lafiya, Litinin

Zuwa ga Zuhra,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya wanka, ya jikin Nana Hadiza? A gaida Baba da Inna da duk mutanen Arikya.

Aiki ya yi yawa a ƙungiyar manoma. Ranar Asabar za a raba irin riɗi, kuma wanda sunansa ba ya cikin kwamfuta ba zai samu ba. Ni nake shigar da sunayen. Oga Tersugh, wanda ya koya min aikin, ya ce wasu sun yi rajista sau biyu, don haka gobe zai ba kwamfuta umarni ta goge duk layin sunan da lambar wayarsa ta maimaitu.

Zuhra, ni na ga abin da bai gani ba. Lamba ɗaya ta fito sau talatin da bakwai, kuma na haddace ta tun ina zuwa zance: ta Abdulnasir mai shago ce. Duk dattijon da ba shi da waya a unguwarku ita ya bayar, har da Baba. Na faɗa wa Oga, ya yi dariya, wai ɗan firamare zai koya masa aiki. Ban ji haushi ba. Gobe zan sake gwadawa, kada ki tayar wa Baba hankali.

Mijinki,
Ashafa

Lafiya, Laraba

Zuhra tawa,

Ina fatan kun tashi lafiya. Ga yadda aka ƙare.

Ban yi gardama da Oga ba. Na tuna masa abin da shi da kansa ya koya min, cewa kafin a goge, a sa iyaka a ƙarshen umarnin, kwamfuta ta taɓa layi ɗaya kawai, a duba, sannan a ci gaba. Ya ce ɓata lokaci ne, amma don in bar shi ya sha iska zai sa. Ya fara da lambar Abdulnasir, ya danna.

Layi ɗaya ya tafi. Muka ɗauko takardun rajista muka duba, ashe ba maimaici ba ne, mutum ne da gonarsa. Oga ya ƙirga talatin da shidan da suka rage, ya ce in kawo masa ruwa.

Kin san wa kwamfuta ta zaɓa a cikin talatin da bakwai? Baba! Da hannuna na mayar da shi, Oga na tsaye yana karanto min haruffan.

Ki ce ya zo Asabar da buhunsa. Maganar gogewar kuma ta tsaya tsakaninmu, kada ya ce surukinsa ne ya fara da shi.

Naki har kullum,
Ashafa