Ka Riƙe Motar, Ka Riƙe Bakinka

New Bell, Duwala.

Zuwa ga ƙanena Sali,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan alhamdulillahi. Ruwa ya sake shiga tsakar gida, amma ya janye. Ƙafar Inna Hajjo ta yi sauƙi, har tana sallarta a tsaye.

Na ji saƙonka. Ka ce majalisar tsibirin nan naku ta sauke Firayim Ministan da kake yi wa tuƙi, wanda ya gaje shi ya ce ka ci gaba da aikinka, shi kuwa tsohon ya aiko ka bi shi gida. Kana tambaya ko zamanka cin amana ne. Da na gaya wa Inna, ba ta ko bari na ƙarasa ba. Ta ce a gidanmu ba a barin ubangida ranar da ya faɗi, kuma da ta ji an ce ɗanta butulu ne gara ka dawo tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, a tashar jiragen ruwa. Maganarta ta yi mini nauyi. Na tuhumi kaina ƙwarai: shin gaskiya nake nema, ko dai tsoro nake ji kada aikin ya kuɓuce maka? Sai da na yi istihara kafin na ɗauki alƙalami.

Ga abin da zuciyata ta natsu a kai. Ba mutumin nan ne ya ɗauke ka ba, ofis ne. Motar ta mutanen tsibirin ce, kujerar ma tasu ce. Shi kansa aronta aka ba shi, masu ita suka karɓa. Saboda haka ka zauna, ka yi wa sabon aiki da zuciya ɗaya. Tsohon kuwa ya kyautata maka, kada ka yanke shi. Ka je gaishe shi ranar hutunka, da rana tsaka, ta ƙofar gaba.

Amanarsa da ke wuyanka ita ce abin da kunnenka ya ji daga kujerar baya. Na bayyana wa Inna haka, ta ce a wannan sharaɗi ta yarda. To, duk ranar da sabon ya tambaye ka me wancan yake faɗa a mota, kada ka yi masa ƙarya, kada kuma ka ba shi amsa. Ka ajiye masa mabuɗi ka taho. Ɗakinka yana nan.

Ka gaishe mini da matarka Ikilima, da Nuru da Fauziya. Kawu Jibirilla da Mairo suna gaishe ku. Allah Ya tsare mana imaninmu.

Yayarka,
Rakiyatu