Abin da Ya Yi wa Jirgin Nauyi

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya jikin Inna? Allah ya ba ta sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Yara lafiya lau, sai dai kewarki. Tunda ruwa ya tafi da gada, ya kuma kashe layin waya a wajenku, ga ni na koma rubuta wasiƙa kamar zamanin da nake neman aurenki. Mai kwalekwalen da ke kai muku magani zai miƙa miki.

Na san ranar Asabar kun wuni kuna kasa kunne ko za ku ji ƙarar jirgin sama. Ban zo ba, kuma wallahi kunya ta ishe ni. Ni na bugi ƙirji a gaban danginki, na ce ina amfanin ɗan jirgina idan Mama ba za ta ga yayarta Inna ba, tunda gwiwoyinta ba za su jure babur da kwalekwale ba. Tun ranar ta ɗaure kayanta. Jakarta na nan a bakin ƙofar falo, kullum sai na wuce ta kaina a ƙasa.

Jirgin ne ya ƙi ba ni haɗin kai. Ya jima yana nawa wajen tashi, ina basarwa saboda titinmu na nan dogo ne. Amma filin gonar da zan sauka a wajenku gajere ne, ruwa ya jiƙa shi, ga itatuwa a ƙarshensa, kuma babu mai a can, dole in tafi da na zuwa da na dawowa. Ranar Juma'a na gwada shi ni kaɗai da cikakken tanki. Sai da ya cinye titi sosai kafin ya yarda ya ɗaga, yana hawa kamar tsoho a kan bene. Na ce ba zan saka mahaifiyarki a cikinsa haka ba.

Ni da Injiniya mun buɗe shi. Mun canza fulogi, mun wanke matatar mai da ta iska, mun gwada ƙarfin kowace silinda, mun duba farfela. Ya ce injin ya fi ni da shi lafiya, abin da ya rage a ɗora jirgin a kan sikeli.

Wata tambaya kuma, don Allah ta tsaya tsakaninmu: ko kin san nauyin Mama? Lissafin tashi yana bukatarsa, ni kuwa bakina ba zai iya tambayar surukata wannan ba.

Ki gaida Inna da mutanen gida.

Mijinki,
Kyaftin ɗinki

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya gajiya, ya mai jiki? Amsarki ta iso, na karanta inda kika ce Inna ta daina cin abin kirki, sai kiran ƙanwarta take yi. Na ninke takardar na saka a aljihu, ban iya nuna wa Mama ba. Kin ce ba ki san nauyinta ba, kuma in daina abin yara in tambaye ta. Kin fi ni gaskiya, amma ji abin da ya faru.

Mun auna jirgin. Kin tuna yadda nake dawowa gida ina ba ki labarin gyare-gyarena kina hamma? To, duk sun hau sikeli sun ba da shaida a kaina. Kujerun fata, babban allon nan mai haske da na ƙara a kan na asali, kafet mai kauri, soson hana ƙara da na sa aka cusa a bango, batir na biyu, har da ɗan firij ɗin da kika ce ko shago zan buɗe a sama. Kowanne lokacin da na saka shi cewa nake ai ɗan abu ne. Da suka taru, sun kai nauyin babban mutum.

Da hannuna na kwance su. Tsinke, abokina da muka koyi tuƙin jirgi tare, wanda nake tsokana cewa iska za ta ɗauke shi wata rana, ya zo rumfar jirgi ya zauna a kan firij ɗin yana shan lemo, yana tambaya ko gwanjo na buɗe. Mun mayar da tsofaffin kujerun yadi, jirgin ya koma tsirara kamar ranar da na saye shi. Duk da haka lissafi bai ba ni natsuwa ba.

Ga abin da ya fi damuna. Shekaranjiya da yamma ina falo ina waya da Injiniya, na ɗauka Mama tana ɗaki. Na ce masa matsalar yanzu ita ce tsohuwar, ai ka gan ta, ba ƙaramar mace ba ce, ga kaya kamar mai ƙaura. Ina juyowa na gan ta a bakin kicin da kofin shayi a hannu. Ta wuce ɗakinta.

Washegari na tarar jakar ta rame. Ta cire bargon da ta saƙa wa Inna, ta cire filas da zannuwa, ta jera su a kan kujera. Abincinta kuma yana dawowa kicin kusan yadda aka kai shi. Matar da ta ba ni 'yarta ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, yau tana zama da yunwa a gidana don jirgina ya iya ɗaukarta. Na je ƙofar ɗakinta sau da yawa, in tsaya, in juyo. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Ki yi mini addu'a, ki kuma ce wa Inna muna hanya.

Mijinki,
Kyaftin

*

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna, da fatan wannan takarda ta same ku cikin sauƙi. A kan fiffiken jirgi nake rubuta ta, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun. Daga hannun Mama za ki karɓe ta.

Jiya da safe ita da kanta ta kira ni. Ta ce in ɗauko sikelin banɗaki, ita ba ta ga abin kunya a ciki ba, a asibiti ma hawa take. Na kawo na ajiye, na kau da kai. Ta dafa bango ta hau, ta ce in duba da kyau. Na duba. Ashe duk girman nan da nake gani zannuwa ne da mayafi. Mama ba ta da nauyin komai, ko babbar 'yarmu ta kusa kamo ta.

Ta sauka ta tsaya tana kallon sikelin, sannan ta kalle ni, cikin ladabinta ta tambaya ko shi direba ba a auna shi. Ba da gatse ta faɗa ba, so take ta fahimta.

Na hau. Kin san tun shekarar da na karɓi lasisi, nauyina na wancan lokacin nake sakawa a kowane lissafi? Ban taɓa canza shi ba. Na canza wando, na ƙara wa bel huda, na matsar da kujerar jirgi baya don tumbi ya samu wuri, amma a lissafi ina nan saurayi. Allurar ta wuce inda nake zato ta yi gaba abinta. Na zargi fulogi, na zargi farfela, na zargi mahaifiyarki a gaban kunnenta, alhali kayan da ya fi kowanne nauyi yana zaune a kujerar direba.

Na durƙusa na ba ta haƙuri. Ta ce in tashi, abincin 'yarta ne ya karɓe ni, ba laifi ba ne. Wannan maganar ta fi mari zafi.

Na sake lissafin da gaskiya. Da ni a ciki, da man zuwa da dawowa, a wannan jiƙaƙƙen fili, ba zan rantse mu wuce itatuwan nan ba. Sai na tafi gidan Tsinke da ƙafata in roƙe shi ya tuƙa. Na shirya wa dariyarsa, amma bai yi ba, tambaya kawai ya yi ƙarfe nawa za a tashi. Da shi a kujerata har aka samu rarar wuri, na mayar da bargon da filas da zannuwan cikin jaka da hannuna. Mama ta karya kumallo sosai yau, na tsaya har ta gama.

Ga su nan, Injiniya yana taimaka mata ta hau, Tsinke yana jawo kujerata gaba. Na duba mai, na duba tayoyi, na zagaya jirgin na taɓa duk abin da ake taɓawa. Idan kin ji ƙara, ki fito da mutane su kore awaki daga filin. Kada ki nemi fuskata a taga, ina nan ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙo. Idan Inna ta buɗe ido ta gane ƙanwarta, ki aiko mini ta hannun Tsinke yau ɗin nan. Idan kuma ba ta gane ta ba, kada ki ɓoye mini don tausayi. Da tun farko na hau sikelin nan, da Asabar ɗin da ta wuce suna tare.

Ki gaida kowa.

Mijinki