Bututun Yashi na Gefen Hagu

Ni Cyprian Anikwe Ugwueze, tsohon bakaniken loko, wato wurin gyaran kawunan jirgin ƙasa, mazaunin unguwar Uwani a nan Inugu, na rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya sa ni. Likita ya ce zuciyata ta gaji, na kuwa riga shi sani. Amma idona har gobe yana ƙirga ƙusoshi a jikin tsohon hoto, saboda haka kada wani ya ce ruɗin tsufa ne ya rubuta abin da za ku karanta.

Zuwa gare ku, Chidubem da Ukamaka. Ku karanta tare, a ɗaki ɗaya, ko da kowa zai juya wa ɗan'uwansa ƙeya. Akwai rabon kaya a ciki, amma ba don shi na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne don Barnabas Nnamchi, direban jirgin ƙasa mai jan kwal, wanda aka binne da sunan mashayi shekara hamsin da takwas da suka wuce, alhali akwai hannuna a mutuwarsa. 'Yarsa Ifeyinwa tana raye. Ina so ta ji gaskiya kafin ita ma ta bi mu.

Na ɗaya. Gidan nan naku ne ku biyu, kada a sayar, kada a ja katanga a tsakiya. Gonar ƙauye ta Chidubem ce, tunda shi ne namiji, ko da yake bai san bambancin rogo da ciyawa ba. Akwatin zannuwan uwarku na Ukamaka ne.

Na biyu. Ɗakin aikina da abin da ke ciki na bar wa Ukamaka: magagari, awartaki, ƙarfen narka dalma, gilashin duba hoto, hotuna ɗari huɗu da 'yan kai, da ƙananan kawunan jirgi talatin da ɗaya da na ƙera da tagulla. Takardun loko duk sun ƙone lokacin yaƙi, jiragen kuma an yanka su an tafi da ƙarfen. Hotunan nan ne kawai suka rage. Mutane za su ci gaba da zuwa da hoton ubansu ko kakansu a tsaye gaban jirgi, suna tambaya wanne ne wannan. Ukamaka, kada ki yarda da rubutun bayan hoto, yawanci jikoki ne suka rubuta da ka. Ki fara ƙirga ƙafafu. Ƙarama ɗaya a gaba, manya huɗu, ƙarama ɗaya a baya, wannan mai jan kaya ne, ba na fasinja ba. Daga nan ki duba tsawon bututun hayaƙi, da jerin ƙusoshi, da facin da aka yi wa tankin ruwa, don babu jirage biyu masu faci iri ɗaya. In kin zo ƙerawa, abin da ke cikin hoto ki sa, abin da babu kada ki ƙara, ko da kin san ya kamata a ce yana nan. Da wannan doka na yi suna. Sau ɗaya na karya ta, kuma shi ne magana ta uku.

Na uku. A ƙarƙashin teburin aiki akwai wani kan jirgi lulluɓe da tsohon zane. Ba ya cikin talatin da ɗayan. Wannan na Ifeyinwa ne, ku kai mata tare da takardar nan.

A loko muna kiran jirgin Mai Tari, saboda yadda yake shaƙewa in ya tashi da kaya. A saman tukunyar irin waɗannan jirage akwai akwatin yashi, bututu biyu suna saukowa daga ciki, ɗaya dama ɗaya hagu, suna zuba yashi a kan dogo gaban manyan ƙafafu. In ruwan sama ya jiƙa dogo, yashin nan ne ke hana ƙarfe sulɓewa a kan ƙarfe. Wata ranar Talata da damina, ina ɗan shekara ashirin da biyu, na kwance bututun hagu na Mai Tari don jiƙaƙƙen yashi ya toshe shi. Yana hannuna aka aiko cewa uwarku tana kan gwiwa, kuma abin ya zo da gardama. Na jingine bututun a bango, na sa hannu a littafi cewa aiki ya kammala, na ce da asuba zan dawo in ɗaura. Chidubem, sai da gari ya waye ka yarda ka fito. Ina can ina raba wa maƙwabta goro da bammi, Barnabas ya ja tarago ashirin na kwal ya nufi Fatakwal cikin yayyafi.

A gangare na biyu bayan gari jirgin ya ƙwace masa. Ya ce wa mai zuba kwal ya yi tsalle, shi kuwa ya tsaya riƙe da birki. Masu bincike sun sami fasasshiyar kwalba a cikin tarkacen, suka rubuta maye da gudu. Kwalbar man shafa wa ƙarfe ce, duk loko mun san ta. Bututu kuwa, kowa ya ɗauka haɗarin ne ya cire shi. Ni da na san inda yake, na je na jefa shi a ramin toka. Bayan wata ɗaya aka fitar da matar Barnabas daga gidan ma'aikata da 'ya'ya uku. Na ga fitarsu, tukwane a ka, ina tsaye ina goge hannu da tsumma.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa direba ma ya kamata ya zagaya jirginsa ya gani. Na gaya wa kaina ko da bututun yana nan, wataƙila da bai tsaya ba. Ban sani ba, kuma rashin sanin ne ya fi cin raina.

Shekara goma sha bakwai da suka wuce wata mata ta shigo ɗakin aikina da hoto a cikin Littafi Mai Tsarki. Ta ce, "Papa, an ce kai kake sanin jirgi ko da bayansa aka nuna maka. Wannan ubana ne, hotonsa ke nan guda a duniya. Mai hoto ya ɗauke shi da safen da ya rasu. Ka ƙera mini abin da ya tuƙa, in ajiye a falo." Kafaɗar mutumin ta rufe lambar jirgin. Ban bukaci lamba ba. Facin tankin ni na buga shi. Mai Tari ne, matar kuwa Ifeyinwa ce. Na ɗora gilashi, na bi tukunya daga akwatin yashi zuwa ƙasa, sai ga bakin mahaɗi a buɗe, babu bututu. Barnabas yana murmushi, hannunsa dafe da ƙarfe, bai fi taku ɗaya da wurin ba.

Wata huɗu na yi ina ƙera shi. Ban taɓa aiki mai kyau irinsa ba. Ranar ƙarshe na lanƙwasa 'yar waya, tsawonta bai kai ɗan yatsa ba, na liƙa a gefen hagu inda hoto ya ce babu komai. Da ta zo karɓa ta yi kuka, sannan ta ce, "Papa, kai da ka yi aiki da shi, don Allah gaya mini, da gaske a buge yake? A makaranta 'yar mashayi ake ce mini." Na ce mata, "'Yata, Allah kaɗai ya san wannan." Ƙarya na yi, kuma da sunan Allah na yi ta. Tun daga nan kowace Kirsimeti sai ta zo da zakara da ƙullin okpa, alalar gurjiya irin ta nan, ta durƙusa ta ce na mayar mata da ubanta. Kun sha cin zakaran nan, kuna cewa Papa yana da farin jini.

A shekarar na ƙera na biyu, na gaskiya, marar bututu, na tura shi ƙarƙashin tebur. Duk safiyar da aka kwana ana ruwa, in na buɗe ɗakin sai in tarar da lallausan yashi a ƙasa, daidai gefen hagunsa. Uwarku ta ce, "Papa Dubem, gara ce ke cin rufinka, ka bar kallon ƙasa kamar wanda ya ga fatalwa, ka kira kafinta." Na kira kafinta, ya canza katako. Jiya ma na share. Ba na ce ku yarda da komai ba, abin da na gani nake faɗa. Uwarku ta tafi ba ta sani ba, wannan ma yana cikin abin da zan amsa.

Ku ajiye wa Ifeyinwa jirgin kusa da nata, ku ara mata gilashina, ku nuna mata wurin a hoton. Bayan nan, tsofaffin ma'aikatan reluwe suna taro Asabar ta farko a kowane wata. Waɗanda suka san Barnabas ba su fi huɗu ba yanzu. Ku karanta musu magana ta uku da ƙarfi, don biyu daga cikinsu kunnensu ya yi nauyi.

Na huɗu. Chidubem, na san ka. Za ka ce a ƙone takardar, mutumin ya mutu, me za a tono, ga sunan gida, ga 'ya'yanka mata ba su yi aure ba. Na fahimta, irin lissafin da na yi ke nan shekara hamsin da takwas, ga inda ya kawo ni. Kuma kada ka ɗora wa kanka komai don ranar haihuwarka ce. Kai zuwa kawai ka yi, ni na sa hannu a littafi. Ke kuma Ukamaka, za ki so ki ɗauka ki tafi ke kaɗai, don ki riƙa yi wa yayanki gori har abada. Ban yarda ba. Shekara uku ba ku gaisa ba saboda wanda ya zaɓi limamin da ya binne uwarku, abin da ita kanta da ta ji sai ta yi muku dariya. Mota ɗaya za ku shiga. Chidubem ya riƙe jirgin, Ukamaka ta riƙe takarda, ku durƙusa tare. In ta kore ku, ku fita ba tare da kun mayar da magana ba. In ta ce ba za ta zo jana'izata ba, ko ta zo ta faɗi abin da ke ranta a gaban jama'a, kada wanda ya riƙe ta. Kunyar nan gadonku ce kamar gidan, kuma ta yi wa mutum ɗaya nauyi.

Ubangiji ya albarkace ku, ya albarkaci jikokina, ya ba ku tsufan da babu abin da kuke lulluɓewa da zane. Ku riƙe juna, ku ci abinci a kwano ɗaya ko da sau ɗaya ne a shekara. Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, ƙarami da babba. Ku ma ku yafe mini in za ku iya.

Za ta tambaye ku me ya hana ni zuwa da kaina. Kada ku ce ciwo ne. Ƙafafuna lafiyarsu ƙalau har bara, gidanta kuma bai fi tafiyar minti ashirin ba. Sau tara na isa bakin ƙofarta da jirgin a jaka na juyo. Ku ce mata tsoro ya ji.

Ubanku,
Cyprian Anikwe Ugwueze