Ƙugiyar da Aka Cire daga Muryar Mahaifina

Daga:
Ɗalibi mai lambar rajista 0417,
Aji huɗu, Sashen Kimiyyar Kwamfuta.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Tsangayar Kimiyya.

Kwafi: Shugaban Sashe, malamin da ke duba aikina.

Laraba, 26 ga Yuni, 2024.

Ranka ya daɗe,

Game da: Ƙorafi kan lalata aikina na kammala karatu a na'urar ajiya ta tsangaya, da roƙon a buɗe tsohon kwafi kafin Laraba, 3 ga Yuli

Bayan gaisuwa da fatan alheri, da neman afuwa kan kawo takarda ofishinka ba a kira ni ba, ina rubuto wannan ƙorafi ne bayan na bi duk matakan da ke ƙasa da kai ban samu biyan buƙata ba. Kwana bakwai suka rage kafin abin da nake nema ya goge har abada, kuma an tabbatar mini sa hannunka kaɗai zai iya tsayar da hakan.

Kafin ƙorafin, ya kamata in bayyana asalin aikin. A watan Satumban bara likitoci suka shaida wa mahaifina, wanda kafinta ne, cewa ciwon da ke maƙogwaronsa sai an yi aiki, kuma aikin zai tafi da muryarsa gaba ɗaya. Aka sa ranar 14 ga Nuwamba. Da amincewar malamin da ke duba aikina, na zaɓi rubuta manhajar da za ta riƙa yi masa magana da muryarsa ta kansa: ya danna hoto a kan allo, kalmar ta fito. Na sa hotuna ne domin rubutun Baba bai wuce awon katako da lambobi ba.

Daga 16 zuwa 28 ga Oktoba muka ɗauki muryarsa yana faɗin kalmomi ɗari shida da goma sha biyu a cikin shagonsa. Muka rataya barguna a jikin bango saboda ƙarar mai walda na kusa da mu, ya zauna a kan bencin da yake fere katako, kofin ruwan ɗumi a gefensa. Yakan faɗi kalma ashirin ya tsaya ya yi tari. Ni na tsara jerin da ruwa da magani da likita, shi kuma ya dage sai an sa ƙusa da zarto da guduma, sannan aka sa “shashasha”, wai don kada in samu hutu bayan an yi masa aiki. Kowace kalma na ajiye ta a fayil mai sunanta, da rubutunta na daidai. An yi aikin a ranar da aka sa, kuma tun daga ranar ba a sake jin muryarsa daga bakinsa ba.

Laifi tudu ne, don haka zan fara taka nawa. Kwafi uku nake da su. Na farko yana cikin filashi, filashin yana cikin aljihun wandona, wandon kuma mahaifiyata ta wanke shi ranar Asabar, 18 ga Mayu, ta shanya, ta bi shi da guga. Ban ga laifinta ba, ni na bar shi a kan ƙofa. Na ce zan sayi wani, na yi ta cewa gobe. Na biyu yana cikin kwamfutata ta cinya, wadda Baba ke amfani da ita a gida. Ranar Litinin, 27 ga Mayu, aka kawo wuta da ƙarfi tana jone, ta yi ƙauri ta mutu. Mai gyara ya buɗe ta a gabana, ya nuna mini ma'ajiyarta ta ƙone, ya ce in yi haƙuri. Na uku shi ne wanda na miƙa wa sashe ranar 20 ga Mayu bisa ƙa'ida. Tun daga 27 ga Mayu, wannan kwafin ne kaɗai muryar mahaifina a duniya, kuma a kansa ne ƙorafina yake, kamar haka:

1. Ranar Talata, 28 ga Mayu, na je wurin mai kula da ɗakin kwamfuta na roƙe shi ya ba ni kwafin aikina, na kuma faɗa masa dalili. Ya ce aikin da aka miƙa a kulle yake har sai an gabatar da shi gaban kwamiti, kada ɗalibi ya taɓa. Na ce ba taɓawa zan yi ba, kwafa zan yi, kuma a gabansa. Ya ce doka ba ta san wannan ba. Kwana goma sha bakwai Baba ya yi yana yi mana zane a kan guntayen katako da fensirin aikinsa, muna cinka abin da yake nufi.

2. Ranar Litinin, 3 ga Yuni, wato a cikin kwanakin da aka ce aikin a kulle yake kada kowa ya taɓa, shi mai kula da ɗakin ya bi ayyukan ɗalibai duka da wata manhajar share-share, domin a mayar da su sabuwar na'ura. Aikin manhajar shi ne cire duk harafin da ta ga baƙo ne. A wurinta ƙ da ɗ da ɓ baƙi ne. Ta cire musu ƙugiya a sunayen fayiloli, ta cire a jerin da ke haɗa kowane hoto da muryarsa. Inda kalma ba ta da abokiyar kama, kamar ƙofa, suna kawai ya lalace, murya ta tsira. Inda kuwa sunaye biyu suka koma ɗaya, sai ta ɗauka maimaici ne, ta riƙe marar ƙugiya ta watsar da mai ƙugiya. Ƙafa ta bi kafa, ƙasa ta bi kasa, ƙaya ta bi kaya, ƙi ya bi ki. Kalmomi goma sha ɗaya suka tafi haka. Ba a sanar da ni za a yi ba, ba a sanar da ni an yi ba. Garin neman gira an rasa ido, kuma idon ba na mai neman ba ne.

3. Ranar Talata, 11 ga Yuni, na tsaya gaban kwamiti ban san komai ba. Malamin da ke duba aikina ya yi tafiya zuwa taro, babu wanda ya san aikin a ɗakin sai ni. Malamin da aka gayyato daga waje ya miƙa hannu ya danna hoton kwano wanda babu komai a ciki, wanda ya kamata ya ce “ƙare”. Sai muryar mahaifina ta fito daga lasifika, a natse, ta ce “kare”. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ban ga laifinsu ba, da a ce aikin wani ne ni ma da na dara. Aka danna hoton ƙafa, aka danna hoton ƙaya, duk haka. Wani daga cikin malaman ya tambaya ko dattijon da na ɗauka bai iya Hausa ba ne. Wannan tambaya ta fi faɗuwar da na yi a ranar yi mini ciwo, domin mutumin da ake magana a kansa ya faɗi kowace kalma daidai da maƙogwaro mai jini. An rubuta a takardar sakamako cewa ban gwada aikina ba, aka kayar da ni.

4. Ranar Alhamis, 13 ga Yuni, aka ba ni kwafin. Na zauna na bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya, na ga ɗari shida da ɗaya ne. Washegari na koma wurin mai kula da ɗakin da jerin a hannuna. Bai musa ba. Cewa ya yi harufan nan namu masu ƙugiya su ke rikita na'ura, kuma ai k da ƙ duk ɗaya ne, mai karatu zai gane. Ranka ya daɗe, Hausa ce harshensa kamar yadda take nawa, kuma a cikin maganar tasa ya furta “ƙugiya” da ƙ sarai, bai ce kugiya ba. Na ce masa na'ura ba mai karatu ba ce, abin da aka ba ta shi take bayarwa, wannan shi ne darasin farko da aka koya mana a aji ɗaya. Ya ce in iya bakina. Na iya bakina, na ba shi haƙuri, domin a hannunsa abin yake. A nan ne ya faɗa mini cewa tsohuwar na'ura tana riƙe kwafin abin da aka share har kwana talatin, sannan ta rubuta wani abu a kansa, kuma ba ya buɗe wannan ajiya sai da izini a rubuce daga sama. Kwana talatin daga 3 ga Yuni shi ne 3 ga Yuli.

5. Tun daga ranar nake neman wannan “sama”. Ranar 19 ga Yuni Shugaban Sashe ya saurare ni da kyau, ya jajanta, ya ce na'urar ta tsangaya ce ba ta sashe ba. Ranar 20 sakatariyar tsangaya ta ce in cike takardar neman sake duba sakamako. Na ce ba sakamako nake nema ba. Ta ce ita takardar da take da ita ke nan. Na cike. Ranar 24 aka shaida mini kwamitin da ke duba irin wannan takarda zai zauna a watan Agusta. Na yi bayanin kwanakin, aka ce kowa da uzurinsa. Malamin da ke duba aikina ya dawo, ya rubuta takardar goyon baya wadda na haɗa da wannan, amma shi ma sa hannunsa ba ya buɗe ajiyar.

6. Wannan na bar shi ƙarshe domin na daɗe ina tunanin ko ya dace a takardar ofis. Cikin kalmomi goma sha ɗayan akwai “ɗa”. Mahaifina ba mutum ne mai daɗin baki ba. Shekara ashirin da uku ina tare da shi, yabo mafi girma da na samu shi ne ya duba abin da na yi ya ce ba laifi. Ranar da muka zo kan wannan kalma, ya faɗe ta, sai ya ɗauka na kashe na'urar ɗaukar murya. Ya dube ni ya ce, “Ɗa. Ɗana. Kai, na yi sa'ar ɗa.” Da ya ga jar fitilar tana kunne sai ya haɗe rai ya ce in goge. Ban goge ba, ban ma yanke ba. Na bar ta yadda take, daƙiƙa bakwai, na sa hotona a kan maɓallin. Bayan an yi masa aiki, da wannan maɓalli yake kirana. Ya danna, maganar ta fito duka, shi kuma ya kau da kai yana ɗaure fuska, wai na'urar ce mai surutu. Bai taɓa neman in gyara ba.

Yanzu na sa masa kwafin da aka ba ni a tsohuwar wayar yayata. Idan ya danna hotona, muryarsa takan ce “da”, irin ta “ni da kai”, sai ta yi shiru, kamar za ta ambaci wani ta fasa. Ranar farko ya danna sau uku, ya dubi wayar, ya dube ni. Na ce masa wayar ce tsohuwa. Ƙarya na yi masa, kuma har yau na kasa faɗa masa gaskiya. Ya daina danna hoton. In yana nemana yanzu, benci yake ƙwanƙwasawa da guduma, ni kuma in taso. Ina amsawa, ranka ya daɗe, amma zuciyata takan karye kowane lokaci.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, ina roƙon mai girma Shugaba:

(a) ya sa hannu a ba mai kula da ɗakin kwamfuta izinin buɗe ajiyar tsohuwar na'ura kafin Laraba, 3 ga Yuli, a fitar da aikina yadda yake ranar 2 ga Yuni. Shi da kansa ya ce aikin bai wuce na minti ashirin ba;

(b) a bar ni in tsaya a wurin lokacin da za a kwafa, kuma kada a bi kwafin da kowace irin share-share;

(c) a dakatar da wannan manhaja a kan ayyukan ɗalibai har sai an koya mata harufanmu.

Ba na neman a hukunta kowa, domin na san ba da mugunta aka yi ba. Maganar sakamako kuma na bar ta ga kwamitin Agusta. In sun ce in maimaita shekara zan maimaita, manhaja abu ce da zan iya sake rubutawa da hannuna. Mahaifina ne ba zai iya sake faɗa ba.

Idan kuma an ga fitar da aikin duka ya saɓa wa wata ƙa'ida da ban sani ba, to na yafe goman, a ba ni fayil ɗaya. Tsawonsa daƙiƙa bakwai ne, sunansa harafi biyu. Ina roƙon wanda zai nemo shi ya duba da kyau, harafin farko yana da ƙugiya.

Allah ya ƙara wa Shugaba lafiya da girma. Ina jiran amsa a bencin da ke bakin ofishinka kowace safiya har zuwa ranar.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Ɗalibi mai lamba 0417,
wanda 'yan aji ke kira Ɗan Kafinta.

Abin da aka haɗa: takardar goyon baya daga malamin da ke duba aikina, da jerin kalmomin nan goma sha ɗaya da na rubuta da hannu.