Na Lulluɓe Keken Ɗinkina

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna, ya yara? Mu lafiya lau.

Ƙaramin garin nan da kika yi ta yaba mana ba laifi: gida yalwatacce, ba hayaniya. Maigidan kuwa sai dai in ga ƙeyarsa, hanyar zuwa aiki ta cinye shi.

A birni ƙarar kekena ce ke kawo min masu ɗinki. Nan ba wanda ya leƙo mu sai jiya, maƙwabciya ta ƙwanƙwasa. Nan da nan na ɗora shayi, na ɗauko tef ɗin awo. Ashe ta zo ne ta ce keken yana hana ta barcin rana.

Na lulluɓe shi da zani. Allah ya saka miki. Ki gaya wa Inna na samu hutun da kuke min fata.

Ƙanwarki