Odar da Na Danna a Bakin Kasuwa, da Makullin Motata

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Direbobi na Tashar Illela,

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaida iyali, ina kuma gaida duk masu riƙe sitiyari a ƙarƙashinka. Na tsawaita gaisuwar da gangan, domin kwanan nan na gane matsayinta a wurinku.

"Shugaba ba shi nan, Malama. Mi kike so da shi?" Da wannan sakatarenka ya tare ni yau, karo na uku ke nan, tun kafin in gama sallama. Na faɗa masa ina so a mayar mini da makullin motata. Ya ce ai ba ya hannunku. Gaskiya ya faɗa, yana aljihun babana. Amma bakinka ake jira kafin ya fito, shi ya sa na zauna a bencin ƙofar ofishinka nake rubuta wannan takarda, zan kuma ba da ita ga duk mai son karantawa, ko a samu wanda zai warware mini abin da ya ɗaure mini kai.

Sunana Saratu, ina koyar da lissafi a makarantar sakandare. Ina da ƙaramar mota da lasisi na gaske, wanda na yi jarrabawa na samu. Ga abin da ya faru.

Na ɗaya. Makonni uku da suka wuce, da safe, ina sauri zuwa makaranta domin ni ce mai tsaron jarrabawa. A ƙuncin hanyar nan ta bakin kasuwa, wata a-kori-kura da ta taso daga Gidan Katta ɗauke da albasa ta tsaya cak a gabana. Wata mota mai lambar Nijar da ke tahowa daga ɗaya ɓangaren ita ma ta tsaya, taga da taga. Ban yi mamaki ba. A garin nan na tashi, na san direba biyu ba sa wuce juna sai sun tambayi gida da gajiya da mutanen Ƙonni. Na jira. Na duba agogo, na sake jira. Ba abin da nake gani sai buhunan albasa. Da minti biyar suka cika na danna oda. Sau ɗaya, kuma ban daɗe a kai ba.

Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin hanya ta juyo ta kalli mutum ɗaya ba sai ranar. Masu kabu-kabu, masu shayi, har da wata tsohuwa mai tallan ƙuli. Sai a lokacin na lura duk motocin da ke bayana sun kashe inji, direbobinsu sun ɗaga tafin hannu. Ashe mai a-kori-kurar, Alhaji Garba, ƙaninsa ne ya rasu, na Nijar ɗin yana yi masa ta'aziyya, kuma odata ta faɗo daidai tsakiyar Fatiha.

Na biyu. Ban zo in kare kaina ba. Na ji kunya ƙwarai, har yanzu ina ji. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda kowa ya sani ban da ni. Ni ce ta farko a bayansa. Wanda ke mota ta shida ya san ana addu'a, ni da hancin motata ke kusan taɓa buhu ban sani ba. Na tambayi direbobi uku alamar da suka gani. Ɗaya ya ce hannun Alhaji ne da ya fito ta taga. Na ce wannan hannun ai shi kuke fitarwa in za ku juya dama, shi kuke fitarwa in za ku juya hagu, shi kuke fitarwa in kuna son iska. Na biyu ya ce inji ne da aka kashe. Na ce motar Alhaji takan kashe kanta ko ba a yi rasuwa ba. Na uku ya dube ni da tausayi ya ce abin a jini yake. A jami'a an koya mini abubuwa masu wuya, amma duk suna da hanyar koyo.

Na uku. Ita kanta odar nake so a yi mini bayaninta. Daga asuba zuwa magariba garin nan ba ya rabuwa da ita. Da ita kuke kiran fasinja, da ita kuke gaida surukai, da ita kuke korar awaki, wani ma yakan danna ta ne kawai don ya tabbatar tana nan. A wannan hanyar an sha shan gabana ba sigina. An taɓa buɗe ƙofa a fuskata, an taɓa tahowa ta hannuna sannan aka watsa mini yatsu biyar don ban kauce da wuri ba. An ambaci mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, a wurare da yawa da ba ta taɓa zuwa ba. Ban ji an kira ko ɗaya daga cikin waɗannan rashin ladabi ba. Kuma, don in yi adalci, ranar da tayata ta fashe a hanyar Araba, motoci huɗu ne suka tsaya, aka canza mini ita, aka ƙi karɓar ko ruwan sha. Mutanen nan ɗaya ne. Mai zagin shi ne mai canza tayar, shi ne mai ɗaga hannu a yi Fatiha. Ni dai na rasa inda layin yake, kuma da alama ni kaɗai ce a Illela ta taɓa tsallake shi.

Na huɗu, kuma shi ne ya kawo ni. Kafin azahar labari ya riga ni isa gida. Babana, Malam Shehu, ya yi shekarunsa na aiki a matsayin magatakardan kotu, kuma abin da ya tara a duniya shi ne a ce mutumin kirki ne. A masallaci wani ya ce masa, cikin ladabi irin naku, Allah ya shirya mana zuri'a. Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya miƙo hannu kawai, na sa masa makulli. Ya ce zai riƙe har masu hanya su huce.

Washegari na sa mayafi na tafi gidan Alhaji Garba tare da gwaggona. Na yi masa ta'aziyya yadda ya kamata, sannan na roƙi gafara. Ya karkato da kai ya ce in ƙara ɗaga murya. Na maimaita. Ya ce wace oda? Shekarun da ya yi a kan inji sun tafi da kunnensa, ranar bai ji odar ba sam. Ya yafe mini duk da haka, har ya sa aka ba ni albasa. Na koma wurin babana da murna. Ya ce Alhaji ya yafe nasa, amma hanya aka ɓata wa rai, kuma hanya shugaba gare ta.

Yanzu ina hawa kabu-kabu zuwa aiki, na makara sau da yawa, shugabar makaranta ta fara yi mini irin kallon da nake yi wa ɗalibai. Mai babur ɗin da ya kawo ni yau ya danna oda sau goma sha ɗaya, na ƙirga. Ba wanda ya waiwayo.

Roƙona ga shi, ranka ya daɗe. Ka aika wa babana kalma ɗaya cewa hanya ta huce, in ta huce. In ba ta huce ba, a faɗa mini abin da ake yi mata, zan yi. Ban ce a daina gaisuwa a kan titi ba, na ga amfaninta ranar taya. Amma a tsayar da alama ɗaya ta ta'aziyya wadda na baya zai iya gani ta bayan buhu, ko ƙyalle ne a rataya a madubi, domin ba ni kaɗai ce mace mai koyon hanyar nan ba, kuma ba kowa aka haifa da abin a jini ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da haƙurin jama'a, ya tsare direbobinka a tafiya da dawowa, ya jiƙan ƙanin Alhaji Garba, ya karɓi Fatihar da na katse.

Wassalam.

Saratu Shehu

Ƙarin bayani. Ina rubuta sunana sai ga motarka ta iso. Tana can tsakiyar hanya, kana gaisawa da wani mai tirela, kun kai wajen tambayar iyali. Taku ashirin ne tsakanina da kai. Na miƙe, na sake zama, domin ban san ko gaisuwa ce kawai ko akwai rasuwa a ciki ba, kuma ba zan sake gwadawa ba. Sakatarenka ya ce lokacin salla ya yi, yana jan ƙofa. Zan miƙa masa takardar kafin ta rufu, in bi ta bayan tirelar a ƙafa, ba tare da na yi ko tari ba.