Sunan da Uwa Ba Ta Faɗa

Daren Laraba, Samaru

Yau dai na yi nasara! Shekara uku ina ɗakin kati a asibitinmu, ina fama da abu ɗaya. Uwa ta kawo ɗan fari rigakafi, katinta ya ɓace, in na tambayi sunan yaro sai ta sunkuyar da kai ta ce "Abba". Kunya ba za ta bar ta ta faɗi sunan yanka ba, mu kuwa shi muka rubuta. Da mun rasa fayil, sai yaro ya rasa allura.

Sau biyu ina cewa a ƙara layin laƙabi da unguwa, aka ce aikina jera kati ne kawai. Da sabuwar shugabarmu Madam Bose ta zo, ta tara mu ta ce, "Ku ke ganin mutane, ku gaya min." Na gaya mata shawarata, ta ba ni wata uku in gwada rubuta laƙabi da unguwa a jikin fayil.

Ɗazu wata mata ta zo daga Shika, ba kati.

"Baiwar Allah, ya kuke kiransa a gida?"

"Babangida."

Na duba Babangida na Shika. Kafin ta kwance goyo na zaro fayil ɗinsa. Ashe Madam na bayana. Ta ce, "Rifkatu, gobe ki je Sabon Gari a bugo mana sabon kati yadda kika tsara."

Ƙafafuna ciwo suke, amma bakina ya ƙi rufuwa. Wai ni, mai jera kati kawai!